Giɓin Ganuwar Sarki Gwadabe

Ke Zuhra, wa ya aike ki tambayar manya? Ubanki da bappanki sun daina gaisawa kan jam'iyya, sai me? Zauna kusa da ɗan'uwanki Ashraf ki ji.

A shekara ta tara ta sarautar Sarki Gwadabe, bayan girbi, a wani birni tsakanin Gaya da Ajingi da ya zama kufai yanzu, aka fita gyaran ganuwa. Kowace unguwa da rabonta. Mutanen Galadima Abdulmumin, waɗanda suka naɗa sarkin, suka taso daga kudu. Mutanen Madaki Yusuf, waɗanda suka so a naɗa ƙanen sarkin, suka taso daga arewa. Da ya rage kamu bakwai su haɗu, kowa ya wanke hannu.

Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe, mu muka naɗa ka. Ba ma yi wa Madaki leburanci."

Madaki ya ce, "Zaki, in muka ɗora tubali kan nasu, gobe a ce mun durƙusa."

Gwadabe ya auna. In ya tilasta wa Galadima, ya rasa masu riƙe da shi. In ya tilasta wa Madaki, rabin mayaƙa su fice. Ga fatake na kawo labarin mahara daga gabas.

Sai ya sa aka ɗauko buzunsa, aka shimfiɗa a tsakiyar giɓin. Ya ce, "Nan ce fadata har a rufe."

Kwana bakwai yana shari'a a nan, rana na dukansa, mutum mai shekara saba'in. Ɓangarorin biyu na zuwa su faɗi gaisuwa, kowa na satar kallon ɗan'uwansa ya ga wa zai fara kwaɓa ƙasa. Babu wanda ya fara.

Rana ta takwas da hantsi mahara suka iso, suka nufo giɓin. Gwadabe bai tashi ba. Galadima da Madaki suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a gabansa, aka kori mahara kafin azahar. Da suka waiwaya, yana zaune yadda suka bar shi, kibiya a ƙirji, rawani bai goce ba.

A nan aka binne shi. Kafin la'asar an rufe giɓin, a rami ɗaya aka kwaɓa ƙasar.

Ikon Allah! Aikin yini guda ne fa. Yana raye suka hana shi, sai gawarsa suka yi wa.

Ashraf, rufe bakinka. Ku tashi ku kwanta, da safe ku je ku gaida bappanku.