Fuskoki Tara a Ramin Kuza

Hoton faɗuwar rana na je ɗauka da wayata a wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cike, can hanyar Bukuru. Ruwan ya kwanta kore shar, ko kukan kwaɗo babu.

A bakin ruwan na tarar da wata tsohuwa tsugune da ƙwaryar wankin kuza. Zanenta yana ta ɗiga, amma ƙasar da ke ƙarƙashinta a bushe take.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yauwa, 'yata. Ɗauke mu da kyau, mun daɗe ba a gan mu ba."

Na waiga, daga ni sai ita.

Wayata in ta ga fuskar mutum, takan zana mata ɗan akwati rawaya. Ina saita wayar, akwati ya fito a tsakiyar ruwa. Sai wani, sai wani. Tara na ƙirga, suna matsowa gaɓa a hankali, ruwan kuwa ko motsi bai yi ba.

"Mama, tashi mu bar nan!"

Na juyo da wayar wajenta. Ƙwarya kawai na gani a ƙasa.

Sai hannu mai sanyi ya kama ƙafata.

Muryar tsohuwar ta fito daga cikin ruwan: "Ina za ki, 'yata? Mu tara ne, shigo mu cika goma."