Dawaki Biyu a Kowane Zango

A zamanin da, can wata ƙasar sanyi a arewacin duniya, wani matafiyi ya shiga jirgin ruwa. Ya ga wata tsohuwa mai kifi, ya toshe hanci saboda ƙarni.

Da igiyar ruwa ta taso, ya yi ta amai, ya yi ta amai. Kowa ya matsa, sai tsohuwar nan. Ta tallafe masa kai har suka sauka.

Ya ce, "Iya, na bar ruwa. Ta tudu zan ƙarasa."

Ta ce, "To ɗana, mu nan takarda ake aikawa gaba, a kowane zango a tanadar wa matafiyi doki."

"Ke fa, Iya?"

"Hanyarmu ɗaya, amma da ƙafa zan tafi."

Ya ɗauki alƙalami ya rubuta: "Ku tanadi dawaki biyu. Ina tafe da uwata."