Galan Ɗin Kyauta

Ranar Juma'ar kasuwar Wudil, satin da soja suka miƙa mulki, Barakatu ta tsaya gaban teburin Halliru mai kananzir. Da ya cika mata kwalba, sai ta ɗaga ta tana leƙen gindinta.

"Ruwa kike nema, 'yar garin Achika?" ya ce. "Da akwai, da kin gan shi kwance a ƙasa. Ba ya haɗuwa da kananzir."

Ta yi murmushi. Tun daga ranar, awon kwalba ɗaya kan ci musu rabin awa.

Mahaifinta Malam Ya'u bai so ba. Hankalinsa ya fi kwanciya da Garzali mai shagon atamfa.

Ana haka kananzir ya yi wuya. Halliru ya sari jarka biyu a hannun wani baƙo a bakin gada. Ya zuba a kwalba, ya duba a rana, babu ruwa ko ɗigo. Bawan Allah bai san an surka da fetur ba, shi kuwa fetur ba ya kwanciya, bin jikin kananzir yake. Kafin ya sayar wa kowa, ya cika wa Barakatu galan kyauta.

Da safe ta kunna risho. Wuta ta ci hannayenta da gefen fuskarta.

Garzali ya leƙa asibiti sau ɗaya, bai koma ba. Halliru kuwa korar kare Malam Ya'u ya yi masa. Halliru ya bar sana'ar, ya koma dako, baƙin ciki na cinsa. Wata uku yana aika wa Barakatu wasiƙa kafin amsa ta zo, da rubutun ƙawarta:

"Halliru, na san ba da gangan ka yi ba. Amma in tausayi ne, ka bar ni. Ba zan zauna da mai sunkuyar da kai in ya gan ni ba."

Ya rubuta: "Baraka tawa, laifin nawa ne har kabari. Amma son ya girmi laifin."

Ita ta tsaya wa mahaifinta har ya sakko. Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Ya'u ya sa albarka, bai miƙa wa ango hannu ba.

Da Halliru ya yaye mata mayafi, da gangan ta juyo masa gefen da ya ƙone.

"Wannan za ka riƙa gani kullum."

Bai ɗauke ido ba. "Allah ya ba ni tsawon ran ganinsa."

Sai a lokacin ta yi kuka, ta ce amin.