Ƙwayar Murjani Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

"Cire shi daga wuyanki, Turai," in ji Gwaggo.

Turai ta dafe murjanin da hannu biyu. Mailafiya ne ya aiko shi daga Ikko, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa. Shi ne kayan na-gani-ina-so.

"Gwaggo, don Allah..."

Gwaggo ce ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, Turai ba ta taɓa yi mata musu ba.

Zaituna, 'yar Gwaggo, wadda ta daɗe tana son Mailafiya a ɓoye, ta taɓe baki. "Inna, duba fa. Duk ramuka, ko sheƙi babu. Na kwalba da ake kawowa daga Bida ya fi shi. Shara ya tsinto mana!"

Gwaggo kuwa mai sheƙi kaɗai ta sani. Ta fizge, zare ya tsinke. Aka tsince ƙwayoyin a kwano, aka mayar gidan su Mailafiya. Kun san in an mayar da kaya, magana ta mutu.

Ƙwaya ɗaya ta gangara bayan randa. Turai ta ƙulle ta a haɓar zani.

Damina biyu, 'yan matana. Duk motar da ta shigo Kontagora daga kudu sai ta bi ta da ido. Ba shi, ba wasiƙarsa. Masu nema suka zo, ta ƙi fita.

Wata ranar kasuwa ta kwance ƙullin gaban Fure, tsohuwar Banufiya mai sayar da duwatsun ado.

"Iya, na banza ne?"

Fure ta juya ƙwayar a tafin hannu. "Zauna, 'yata. Kin ga wannan? Tsakiya ce, dutse ne. Wannan kwalba ce, a wuta aka narka ta. Murjani kuwa ba dutse ba ne, ba itace ba. A ƙarƙashin teku yake fitowa reshe-reshe, wasu ƙananan halittu ke gina shi shekara da shekaru. Ramukan nan su ne shaidarsa."

Ta ɗiga masa lemun tsami. Wata 'yar kumfa ta taso.

"Kwalba ba ta yin haka. Wanda ya ba ki wannan yana son ki."

Turai ta sayi lemo ta koma gida, ta ɗiga wa ƙwayar a gaban Gwaggo. Ta faɗa mata abin da Fure ta ce.

Gwaggo ta daɗe tana kallon kumfar, sannan ta ɗauki mayafi ta tafi gidan su Mailafiya da ƙafarta.

"Kin makara," in ji mahaifinsa. "Da labari ya kai masa, jirgin ruwa ya bi. Mu ma ba mu san inda yake ba."

Zaituna ta yi aure a Beri. Gwaggo ta rasu shekarar da aka ba mu jihar Neja, tana neman gafarar Turai, Turai kuma ta yafe mata. Mailafiya bai dawo ba. Turai ta gaji rumfar Fure, ta tsufa a cikinta, ƙwaya ɗaya a wuyanta, ɓarin lemun tsami a gefen faifai.