Filtar da Ba Ta da Fenti

"Kashe motar nan."

Ban kashe ba. Ƙara taka totur ma na yi, injin ya ɗauki kakat-kakat kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, duk garejin aka juyo ana kallona.

Bakanike ya zuro hannu ta taga ya murɗe makullin. Kwana goma sha biyu rabon da mu yi magana, tun ranar da na tarar da wata mai jar mota tana masa dariya har da dafa masa kafaɗa. Ranar Asabar ya kamata manyansa su zo neman aurena, amma gaisuwar da na samu ke nan.

"Tun yaushe take wannan ƙarar?"

"Oho."

"Auta, tambayarki nake."

Kafin in samo baƙar maganar da ta dace da shi, Yaya ya fito daga tasa motar yana huci. Dama can bai taɓa ƙaunar Bakanike ba, Mama ce ta matsa masa ya yarda da Asabar ɗin. Shi abokinsa mai gidan mai yake so in aura.

"Malam, motar mahaifinmu ce wannan. Shekara tara ya riƙe ta bai taɓa jin ko tarinta ba. Kai kake mata juyen mai, ko ba kai ba?"

"Ni ne, Yaya."

"Kar ka ƙara ce min Yaya. Idan aikinka ne ya kashe injin nan, ka gaya wa mutanenka su yi zamansu. Wanda ya kasa riƙe ƙarfe ba zai riƙe min ƙanwa ba."

Ni dai na ci gaba da cin magani.

Bakanike ya buɗe bonet, ya sa na tayar, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a kan injin ya kara kunnensa a ƙotar. Nan ya saurara, can ya saurara.

"Kashe. Daga sama ƙarar take, mai ne ba ya hawa."

Ya zaro sandar gwajin mai. Yaya ya leƙo da sauri.

"Ga shi nan a cike! Sai ka nemo wata ƙaryar."

"A cike yake." Ya murza man tsakanin yatsunsa, ya shinshina. "Amma ya mutu. Tsohon mai ne aka tace aka mayar a sabon galan."

"Wa ya zuba, in ba kai ba?"

Maimakon amsa sai ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashin motar. Wallahi ji na yi kamar in zame in gudu. Na san abin da ya je dubawa. Duk filtar man da ya ɗaura wa mota sai ya rubuta mata kwanan wata da farin fenti, har tsokanarsa nake ina cewa ko takardar haihuwa yake yanka musu.

Ya daɗe a ƙasan fiye da yadda aikin ke buƙata.

Da ya fito, filtar na hannunsa, ya rufe gefenta da tsumma. Kallo ɗaya ya yi min. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"To?" in ji Yaya.

"Ta toshe. Jabu ce. Zan wanke injin in zuba mai na gaskiya, ina jin bai riga ya buga ba."

"Ba shi na tambaye ka ba. Kai ka ɗaura ta?"

"Motar a hannuna take. Duk abin da ya same ta, ni ne."

Yaya ya yi wata dariya mai cin rai, ya zaro waya zai kira Mama.

Haushi ya turnuƙe ni. Wato gara ya rasa ni da ya tona ni? Shi ne mai mutunci, ni ce banza?

"Cire tsumman," na ce.

"Auta..."

"Na ce ka cire!"

Na fizge filtar, baƙin mai ya ɓata min hannun riga. Na juya ta a gaban Yaya.

"Ka ga fenti? Babu. Je ka duba kowace mota a garejin nan, tasa tana da kwanan wata. Wannan abokinka ne ya sa aka ɗaura, ranar Talatar da ta wuce. Ya ce in daina wahala da masu dattin farce, shi zai yi min juye kyauta. Ni kuma na kai masa... don in ƙona wa wannan rai."

Yaya ya sauke wayar a hankali. Ya dubi filtar, ya dubi motar Baba, ya dube ni kamar ya mare ni.

"Da bakinsa ya ce min Bakanike ne zai kashe ta," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Ya juya ya nufi motarsa. Sai da ya buɗe ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ƙarfe huɗu, ranar Asabar. Kar ku yi latti."

Ya bar mu tsaye, ni da shi.

"Mai jar motar matar ƙanin babana ce," ya ce, yana goge hannu. "Da kin tambaya."

"Da ka faɗa."

"Kin ɗaga wayata?"

Hawayen da nake ta dannewa suka ci amanata.

"Ba jabun man ne ya dame ni ba, Auta. Kin bari wani ya buɗe motar nan."

"Na tuba, masoyi... Kai kuma kar ka ƙara ɗaukar laifina ka yi shiru. Saura ƙiris ka sake ni tun ba a ɗaura ba."

Ya daɗe yana kallona, fuskar nan a ɗaure. Sannan ya kama hannun rigata ya shiga goge man da tsummansa, yana ƙara ɓata ta, ni kuwa ban janye ba.