Ƙarfen da Mukhtari Ya Kafa

Rana ta yi ja a bayan bishiyoyin dalbejiya na unguwar Wulari, gidan Mukhtari kuma yana nan yadda ya saba. Matarsa Kellu tana turara burabusko a tsakar gida, 'yarsu ɗaya tilo, Muhsinat, tana kwashe shanya daga igiya. Shi maigidan yana ɗakin zaure da ya mayar wurin aiki, ya zuba wa kwamfuta ido, ransa a ɓace.

Aikinsa haɗa na'urori ne su riƙa magana da juna. Akwai wani ɗan asibiti mai zaman kansa a Dusuman da yake kula musu da babbar kwamfutar da ake adana sakamakon gwaje-gwaje, wadda suke kira saba. Daga nan zauren yake shiga cikinta ya gyara abin da ya lalace, ba sai ya sha rana a keke ba. To tun farkon makon nan ƙofa ta rufe masa. Ya kira Manasse, ma'aikacin da ke zaune kusa da sabar.

"Oga, lafiyarta ƙalau," in ji Manasse. "Kowa yana shiga. Kai kaɗai ne ba ka isowa."

Masu wannan sana'a suna da yadda suke bin sawun saƙo. Sai ka tura shi, duk zangon da ya yada ya amsa maka da lambarsa, har ka gane inda ya maƙale. Mukhtari ya tura. Saƙon ya fita daga rautar gidansa, wato ɗan akwatin da ke nuna wa saƙo hanya, ya isa dogon ƙarfen kamfanin sadarwa, ya amsa. Daga nan Dusuman ya kamata ya nufa, amma sai ya juyo gida. Ya sake fita, ya sake dawowa, haka ya yi ta kewaye har ya mutu. Mukhtari ya goge saitin rautar ya sake rubutawa, ya canja waya, ya aro wata rauta sabuwa fil. Kamfani suka duba nasu ɓangaren suka ce ba su ga komai ba. Shi kuwa mutum ne da ko ƙofa ta ƙi buɗuwa sai ya ce laifin kafinta ne, don haka ya ci gaba da zagin kamfani.

Ladan yana ɗaga murya da kiran sallar magariba, abu na farko ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Sai na biyu. Sannan aka shiga ruwan jifa, ba daga waje ba, daga sama tsaye. Kellu ta saki mara tana salati. Da abin ya lafa, Mukhtari ya fito ya ɗauki guda. Ba dutse ba ne, gawayi ne jiƙaƙƙe, farin gishiri ya kama jikinsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jefar da shi.

Ya san inda gawayin ya fito. Makon da ya wuce tsawa ta ƙona masa na'ura, sai ya yi abin da 'yan sana'arsa suke yi: a haƙa rami, a zuba gawayi da gishiri da ruwa, a kafa dogon ƙarfen jan gaci, don in tsawa ta faɗo ta bi shi ta shige ƙasa. Wuri mai laushi ya nema, ya same shi a bayan ɗaki, gindin wani tsohon suri da tun kafin a gina gidan ba wanda ya taɓa. Kellu ta ce masa, "Baban Muhsinat, almuru ya yi, ka bari sai da safe. Ko sallama ka yi wa wurin mana." Ya yi dariya ya ce gara ba ta amsa sallama, ya ɗaga guduma.

Kashegari da magariba jifan ya dawo, wannan karon da wata murya siririya a bayan ɗaki, kamar ta yaro yana kiran uwarsa daga cikin rijiya. Aka nemi Muhsinat aka same ta durƙushe a gindin ƙarfen tana tonon ƙasa da farce, yatsunta duk jini. Daga ranar ta daina ci, ta daina magana. Da rana tana kwance idonta a buɗe, rana na sunkuyawa ta miƙe ta nufi bayan ɗaki, sai mutum uku sun danne ta. Yarinyar da dariyarta ke cika gidan ta koma kamar kara, kuma Mukhtari ya ji tsoron da bai taɓa ji ba, ya tabbata 'yarsa tafiya take yi.

Kellu ce ta je ta ɗauko Goni Ba'ana, wani tsohon mahaddaci da ya karantar da mahaifinta. Ya iso bayan la'asar, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya sa aka shimfiɗa yarinyar a tabarma. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu a hankali, ba gaggawa. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Da ya kai Ayatul Kursiyyu, bayan Muhsinat ya banƙare, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito a kausashe.

"Goni, ka daina ƙona ni. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Ubanta ne. Ɗana yana barci a gidanmu, ƙarƙashin surin nan, aka zubo masa gishiri, aka soke shi da ƙarfe. Ni lokacin ina bakin kogi. Ya yi ta kirana, kiran bai iso ni ba, ƙarfe ya tsare shi. Da na dawo ya riga ya yi sanyi."

Kellu ta fashe da kuka. Mukhtari ya jingina da bango.

"Bai sani ba," in ji Goni. "Ba ya ganinku."

"Shi ya sa aka ce ku yi sallama! Matarsa ta faɗa masa, ina da masu ji. Na tare masa saƙonninsa ko zai tsaya ya yi tunani, ya zagi wasu. Na mayar masa da gawayinsa, ya gane, ya yi shiru. Yanzu ɗa da ɗa."

"Ba za ki ɗauki ran wadda ba ta riƙe guduma ba. Allah ya haramta mana, ya haramta muku."

"To a yanka mini baƙin rago a ramin."

"Ba a yanka don wanin Allah, kin sani."

Goni ya koma karatu, muryar ta yi ta ihu tana tsinuwa, har ta gaji ta ce ya tsaya. Suka daidaita: a zare ƙarfen kafin rana ta faɗi, a kwashe gishirin, a cike ramin da yashi mai tsabta, ita kuma ta fita ba ta ƙara dawowa. Goni yana cikin sa ta rantsuwa, sai ta ce a hankali, "Ni kenan na tafi hannu wofi?" Jikin yarinyar ya fara karkarwa, numfashinta yana yankewa. Nan Mukhtari ya kasa daurewa, ya zube a ƙasa.

"Ki ɗauki duk abin da kike so a wurina, ki bar mini ita!"

"Yi shiru!" Goni ya daka masa tsawa. "Ba a yi musu tayi!"

Amma magana zarar bunu ce. Bakin Muhsinat ya yi wani murmushi da ba nata ba.

"Na karɓa," in ji tsohuwar.

Mukhtari ya zare ƙarfen da hannunsa, yana kuka yana bismillah. Ana zuba yashin ƙarshe, yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Jifa bai sake faɗowa a gidan ba. Saƙon da ke kewaye ma ya kama hanya, Manasse ya bugo yana murna, ba wanda ya ɗauki wayar.

Muhsinat ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Kellu ta kira sunanta, ta amsa. Goni ya tambaye ta ko ta gane shi, ta gaishe shi da ladabi. Mukhtari ya matso a kan gwiwoyinsa, hannayensa duk yashi, ya ce, "Muhsinat, uwata, sannu." Ba ta juyo ba. Ya ƙara ɗaga murya, har maƙwabta suka ji ta katanga. Sai ta dube shi, ta ga leɓɓansa suna motsi, ta juya wajen uwarta da mamaki.

"Mama, me ya sami Baba? Yana ta buɗe baki, ba ya cewa komai."