Kwalin Kan Jirgin Pak Darsa

Ranar Asabar da hantsi Pak Darsa ya buɗe ɗakin ƙungiyar masu tara jiragen ƙasa na wasa a Bandung ta ƙasar Indonesiya, ya tarar kan jirginsa ɗan Jamus, gadon mahaifinsa, ya yi ɓatan dabo. Taragu shida na nan jere a kan dogon da ke shimfiɗe bisa tebur.

Nan take ido ya koma kan Euis, ma'aikaciyar jinya da ta shigo ƙungiyar wata uku da suka wuce. Kang Endang, sakatare, ya ce ita ta fita ƙarshe jiya, don haka ta ajiye katinta na ƙungiya ta kama gabanta. Ran Euis ya ɓaci ƙwarai. Wata uku suna mata dariya, yau kuma sata? Ta ce ko ƙofa ba za ta kalla ba sai ta wanke sunanta.

Ta fara da Mang Ojo mai shara. Ya rantse tun da ya taɓa karya wata 'yar gadar wasa da tsintsiya bai ƙara kusantar teburin ba, kowa kuma ya shaida. Ta sallame shi, ta duƙa ta duba taragun. Ƙugiyar da ke haɗa su da kan jirgi lafiya lau, ba ƙafa ɗaya da ta sauka daga dogo.

"Kang, ran da na fara ɗaga kan jirgi me ya faru?"

"Kin watsar da taragu har ƙasa," in ji shi, yana murmushi.

"To wannan a hankali aka zare shi."

Sai ta nemi a buɗe kabad ɗin ajiya. Pak Darsa ya sa makulli, ya laluba, ya sake lalubawa. Kwalin da kan jirgin ya zo a ciki tun daga masana'anta, shi ma babu.

Euis ta yi musu dalla-dalla. Sabon shiga jirgi yake gani, kwali shara ne a wurinsa, ita kanta nata a bola ta jefa, suka yi mata tsiya har mako biyu. Tsohon hannu ne kaɗai ya san kan jirgi ba kwalinsa ya zubar da rabin darajarsa, shi ne ba zai iya tafiya ya bar shi ba. Makullin kabad kuwa biyu ne, ɗaya na hannun mai kayan. Ta juya ga sakatare.

"Kang, ina ɗayan?"

Endang ya soma kame-kame. A akwatin babur ɗinsa aka samu kan jirgin, kwance cikin kwalinsa, an naɗe shi da takarda mai laushi.

Pak Darsa ya fara ba ta haƙuri, ta katse shi.

"Pak, ajiye haƙurin. A ba ni makullin kabad ɗin nan, daga yau a hannuna zai zauna."